Yadda ake harhaɗa fitilar katako mai fuska 12

Assalamu alaikum, masu kallo. Waɗannan gutattsarin katako da kuke gani a kan tebur su ne za su zama fitilarmu ta yau. Manyan guda 12 ne, kowanne mai gefe biyar daidai wa daida, an huda masa zane a tsakiya inda haske zai ratso. Ƙananan kuma guda 30 ne, su ne mahaɗai, masu shiga ramukan da ke gefen manyan. An yi su 30 ne saboda wannan siffa tana da wurare 30 da fuska ke haɗuwa da fuska. Tsohuwar siffa ce, ɗaya daga cikin siffofi biyar masu fuskoki iri ɗaya da masanan Girka irin su Aflaɗon suka yi bayaninsu fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Da injin leza aka yanka su. Injin ba shi da wuƙa, haske ne mai tsananin zafi yake bin layin da aka zana a kwamfuta yana ƙone katakon. Shi ya sa kuke ganin bakin kowane guntu ya yi baƙi, kuma idan kun kai shi hanci za ku ji ƙaurin hayaƙi. Ku samu tsumma mai ɗan laima ku goge bakunan tun kafin komai, in ba haka ba baƙin zai bi yatsunku ya ɓata farar fuskar katakon.

To, ga inda nake so mu daɗe, domin a nan aikin yake gyaruwa ko ya lalace. A takarda an ce kaurin katakon milimita 3 ne, amma idan aka auna sau da yawa za a tarar ya ɗan gaza ko ya ɗan haura. Shi ma hasken lezar yana cinye wajen milimita 0.1 zuwa 0.2 a duk inda ya bi. Ƙari a kan haka, katako yana shan laima: wanda ya shiga ramin salin alin lokacin hunturu yana iya cijewa da damina. Saboda haka kada ku taɓa gam tukuna. Ku ɗauki mahaɗi ɗaya ku gwada shi a rami. Ku duba nan da kyau: ya shiga da ɗan dannawar babban yatsa, na kifa fuskar, bai faɗo ba. Haka ake so. Idan ya cije, ku goga shi a kan samfefa mai laushi sau biyu ko uku, ku sake gwadawa. Don Allah kada ku kawo guduma kusa, wuyan mahaɗin siriri ne, bugu ɗaya ya ishe shi karyewa.

Yanzu ku kwantar da fuska ɗaya a kan tebur, ku kewaye ta da guda biyar, kowace a gefe ɗaya. Ba sai kun auna kusurwa ba, an riga an yanka mahaɗan da karkatar da ta dace, kimanin digiri 116 da rabi. Da zarar kun haɗa biyar ɗin da junansu za ku ga sun tashi sun yi kamar ƙwarya. Mahaɗai 10 ke nan suka tafi. Ku yi ta biyu haka nan, wasu 10. Sauran 10 na ƙarshe su ne za su ɗinke sama da ƙasa.

Sai bayan kun tabbata komai ya zauna za ku kwance, ku sake haɗawa da farin gam na kafintoci. Ɗigo ɗaya a bakin tsinke ya isa kowane rami, ban da na fuskar ƙasa. Wanda ya tsattsafo waje ku share shi nan take, domin idan ya bushe yana barin tabo mai ƙyalli, kuma fitila ba ta rufa wa tabo asiri.

Kafin ku rufe, ku tuna da wuta. Fuska ɗaya tana da rami zagayayye mai faɗin wajen milimita 40, nan ne mariƙin ƙwan zai zauna, zobensa ya ɗaure shi daga ciki. Ni shawarata ku sayi waya wadda ta zo a haɗe da mariƙi da makunni da fulogi. Idan kuma sai an haɗa wayoyi da hannu, ku kai wa mai gyaran lantarki, wutar gida ba abin gwaji ba ce. Ƙwan LED kawai za ku sa, mai wat 3 zuwa 5. Tsohon ƙwan nan mai zare yana mayar da mafi yawan wutar da yake ci zafi, ga shi kuma cikin busasshen katako.

Sannan ku bar fuskar ƙasa ba gam, mahaɗanta kaɗai su riƙe ta. Ranar da ƙwan ya mutu, ta nan za ku zura hannu ku canza shi.

Bari mu kunna. Kun ga yadda zanen ya bazu a bango da rufin ɗaki? Wannan ƙwan gilashinsa garau yake, hasken yana fitowa daga ɗan ƙaramin wuri, shi ya sa layukan inuwar suka fito tar. Ga wani mai farin gilashi, ku kalli bambancin: ɗakin ya yi haske mai laushi, amma zanen ya dushe. Ni na farkon nake so, don saboda inuwar aka sha wahalar huda katakon. Ko wanne kuka zaɓa, ku bar fitilar a kunne na minti 30, ku kashe, ku taɓa katakon da ke kusa da mariƙin. Idan ɗumi kawai kuka ji, shi ke nan. Idan ya yi zafi, ku sauya ƙwan da wanda bai kai shi ƙarfi ba kafin ku rataye ta.