Tanadin gida idan annoba ta ɓarke a ƙasar waje

Assalamu alaikum 'yan uwana mata, na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da duk inda kuke a Legas, barkanmu da warhaka. Yau maganar tanadi za mu yi, dan Allah ki saurara har ƙarshe.

Kun tuna korona ai. A Wuhan ta fara ƙarshen 2019, muna cewa can China ne ina ruwanmu, sai gashi 27 ga Fabrairu 2020 an samu mutum na farko a nan Legas, 30 ga Maris aka kulle gari. To abinda nake so ki gane, tun kafin cutar ta iso kaya suke fara tsada, saboda magunguna da yawa daga Indiya da China suke zuwa ta Apapa, idan masana'anta ta tsaya can ko Indiya ta taƙaita fitar da farasitamol kamar yadda tayi a Maris 2020, mu nan a kemis muke ji a jikinmu.

Shi yasa magani ne farko. Idan akwai mai hawan jini ko ciwon suga a gidanki, Baba ko Hajiya, ki je wajen likitansu ki roƙa ya rubuta na wata biyu, ki duba lambar NAFDAC da ranar da zai lalace, kar ki siya a hannun masu talla a tasha. Insulin kuma, allurar masu ciwon suga, sanyi yake so, ki yi tunanin wutar lantarki tun yanzu. Ki ajiye ORS, garin da ake haɗawa da ruwa a ba mai gudawa, da farasitamol na yara da sabulu. Wallahi ni lokacin kulle na zaga kemis wajen huɗu ina neman maganin mahaifiyata, hankalina bai taɓa tashi irin ranar ba.

Abinci kuma kar ki cika firiza da nama, kin san halin NEPA. Busasshe za ki nema, shinkafa, wake, gari, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, busasshen kifi, man gyaɗa. Legas akwai danshi, so waken nan ki shanya shi ya bushe sosai ki zuba a jarka mai murfi ki toshe, wasu suna jefa busasshen barkono a ciki saboda ƙwari. Buhu kuma kar ya taɓa ƙasa, ki ɗora kan katako.

Kuma ba rana ɗaya za ki kwaso ba, duk zuwa kasuwa ki ƙara mudu ɗaya, don idan kowa ya ruga lokaci guda mu da kanmu muke tada farashi, maƙociyarki mai ƙaramin ƙarfi ta rasa. Gas ya zama a cike, da ɗan gawayi, da ɗan kuɗi a hannu ko da POS ya ƙi.

Na ƙarshe, jita-jita. Lokacin Ebola a 2014 mutane suka dinga wanka da ruwan gishiri suna sha wai yana kare su daga cutar, har aka rasa rayuka. Duk saƙon da aka turo miki a WhatsApp ki duba abinda NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, ta ce tukuna kafin ki tura ma wani.