Labulen Zorki ya tsaya: yadda ake tada shi ba tare da an lalata kamarar ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka daga nan Yamai. Wannan da ke kan tebur Zorki 4 ce, kamarar fim da masana'antar KMZ ta ƙera a garin Karasnogorsk kusa da Mosko, daga 1956 zuwa 1973. Tsarin cikinta daga Leica ta Jamus aka ɗauko shi, kamar ƴar'uwarta FED. Saboda haka abin da za ku gani yau zai yi muku amfani a kan yawancin danginsu masu labulen ƙyalle, wato labulen da ke buɗewa ya rufe don haske ya kai ga fim.

Ku saurara. Na ɗana ta, na saita ta ta buɗe na tsawon daƙiƙa guda, na danna maɓalli. Kun ji ƙarar ta fara, ta ja jiki, ta tsaya a hanya? Mutane da yawa daga nan suke yanke mata hukuncin mutuwa. Alhali galibi ba abin da ya karye a ciki. Giris ɗin da aka sa mata shekaru hamsin da suka wuce ne ya bushe, zafin watan Afirilu ya gasa shi, ƙurar hunturu ta shige ta zauna a kai.

Bari mu cire bayanta mu ga yadda take aiki, don wanda bai gane wannan ba kada ya ɗauki turnabis. Labule biyu ne na ƙyalle mai rufin roba, suna gudu a kwance a gaban fim. Idan aka danna, na farko ya tashi ya buɗe hanya, na biyu ya biyo shi ya rufe. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, gudun labulen ɗaya ne ko an saita ta a 1/60 na daƙiƙa ko a 1/1000. Abin da ke sauyawa shi ne jinkirin da na biyu yake yi kafin ya tashi. A 1/30 sai na farko ya kai ƙarshe kafin na biyu ya motsa, shi ya sa a nan ake amfani da filasha. A 1/1000 kuwa tsagar da ke tsakaninsu ba ta fi milimita ɗaya da ɗan abu ba, ita ce ke share faɗin fim ɗin na milimita 36. To ku yi tunani: idan labulen farko ya yi nauyi kaɗan saboda datti, na biyu zai cim masa a hanya, tsagar ta rufe, hoto ya fito gefe guda da haske, gefe guda baƙi ƙirin.

Kafin komai, akwai doka guda a kan Zorki 4: kada ka juya faifan lambobin gudu sai ka ɗana kamarar. Wanda ya juya shi da ƙarfi ba a ɗane ba yana iya lanƙwasa ɗan ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, ya mai da aikin wanki ya zama aikin neman kayan gyara, kuma waɗannan ba a kowane shago ake samunsu ba.

Yanzu bincike. Cire gilashin gaba, shiga ɗaki mai duhu, haska tocila ta gaba, kai kuma ka duba ta baya. Kafin ka ɗana, labule na biyu ne a gabanka: duba shi, ɗana, duba na farko. Kun ga wannan ɗigon haske? Huda ce, kuma rana ce ta yi ta. Gilashin kamara yana tara hasken rana wuri guda, kamar yadda yara ke ƙona takarda da gilashin ƙara girma, kuma labulen yana dab da wurin da hasken ke taruwa. A ranar Yamai, kamarar da aka ajiye tana kallon sama ba murfi ba ta buƙatar dogon lokaci. Huda ɗaya ko biyu ana toshe su da baƙin fentin tufafi, a shafa siriri da bakin tsinke, a bar shi ya kwana kafin a ɗana. Idan kuwa robar ta tsattsage tana zuba, sai sabon labule, wannan kuma aikin wata rana ne.

Mu buɗe sama. Kashe fanka, rufe taga, shimfiɗa farin ƙyalle, domin waɗannan ƴan bis ɗin idan ɗaya ya faɗi ƙasa ya tafi ke nan. Duk abin da za ka cire, ɗauki hotonsa da salula tukuna. Ga injin jinkiri nan, mai ƙananan haƙora irin na agogo. Shi ke riƙe labule na biyu daga 1/15 zuwa daƙiƙa guda. Wannan ɗan madubin da ke kusa kuma na auna nisa ne, kada ka goge shi ko da auduga, rufinsa yana iya fita.

Wanki da man laita ake yi, domin yana narkar da tsohon giris ya bushe bai bar komai ba. Ɗigo kaɗan a kan haƙoran, ɗana, danna, tsane dattin da auduga a kan tsinke, sake. Za ka yi ta maimaitawa har audugar ta daina fitowa rawaya. Kada man laitan ya taɓa labulen. Bayan ya bushe sai man agogo, shi ma da bakin allura, a kan sandunan da ƙafafun masu haƙora ke juyawa kawai, ban da haƙoran. Don Allah kada a fesa WD-40, man nan na sassauta tsatsa, kada a sa man keken ɗinki. Rana ɗaya za ta yi daɗi, daga nan man ya bi ya jiƙa labule, ƙura ta manne, ta fi da lalacewa. Idan ba ka da man agogo, je wurin mai gyaran agogo a Babbar Kasuwa, ka ce baba a taimaka mini da ɗigo biyu. Hannunsu ma ya fi na kowa sanin irin wannan aiki.

Saurari daƙiƙa gudan yanzu. Ta tafi sumul har ƙarshe.

Sai maganar da ta fi damuna. A ƙasan kamarar akwai wurare biyu da ake ɗaure sifirin na kowane labule. Masu gaggawa nan suke fara zuwa, su ƙara ƙarfi har labulen ya fizge dattin ya wuce. Zai yi aiki, amma igiyoyin labulen tsofaffi ne, gam ɗinsu ma tsoho ne, ƙarfin da ya wuce kima zai tsinke su. Sai an gama wanki, an ga har yanzu 1/1000 tana rufewa a hanya, sannan a taɓa nan. Yi alama a inda ka tarar da shi, riƙe shi da turnabis kafin ka sassauta makullinsa don kada sifirin ya warware baki ɗaya, ƙara wa labulen farko rubu'in juyi, ka gwada. Duba ta baya kana fuskantar farin bango mai haske: ya kamata ka ga kusurwa huɗu duka sun haska, dama da hagu daidai.

Gwajin ƙarshe na fim ne. Sa nadi ɗaya, tsaya gaban bango guda, ɗauki hoto kana sauya gudu da faɗin ƙofar gilashi (lambar f): 1/60 a f/16, 1/125 a f/11, 1/250 a f/8, 1/500 a f/5.6, 1/1000 a f/4. Idan aka wanke, hotunan biyar su fito da haske iri ɗaya. Wanda ya bambanta da sauran, gudunsa ne za ka koma ka duba.