Namiji Cikin Shigar Mata: Daga Dandamalin Wasa Zuwa Mashayar Dare

Assalamu alaikum. Malamaina da ɗalibai, na gode da wannan gayyata. Na san maudu'in yana da nauyi a kunnen wasunmu, amma tarihi za mu karanta, sai a yi haƙuri a saurara.

Namiji ya yi shigar mata don a kalle shi, abin da Turawa ke kira drag, ba a mashaya aka faro shi ba. A Ingila zamanin Shakespeare ba a barin mace ta hau dandamali, samari ne ke fitowa a matsayin amarya da sarauniya, har zuwa 1660. A Japan ma an hana mata wasan kabuki, wato wasan kwaikwayonsu na gargajiya, a 1629, maza suka maye gurbinsu. To kun ga a nan hukuma da kanta ce ta sa wa namiji zane.

Rigima tana tashi ne idan ya sauko daga dandamali. A Landan, a 1726, an kai samame gidan wata mata, Margaret Clap, inda maza masu neman maza ke taruwa da dare. A shekarar aka rataye mutum uku.

Wanda nake so ku riƙe sunansa shi ne William Dorsey Swann. Baƙar fata ne, a cikin bauta aka haife shi a jihar Maryland ta Amurka. A shekarun 1880 yana shirya raye-raye a ɓoye a Washington, yana kiran kansa sarauniya. A 1888 'yan sanda suka faɗa musu, suka same shi cikin doguwar rigar mata mai sheƙi, bai kuwa miƙa wuya salin-alin ba. A 1896 aka ɗaure shi wata goma. Mutumin nan ya nemi afuwar Shugaba Grover Cleveland, aka ƙi. Ku duba fa, tsohon bawa, a wancan zamani.

Abin ya bunƙasa tsakanin 1920 da 1933, lokacin da Amurka ta haramta sayar da giya. Tunda kowace mashaya ta zama haramtacciya, sai masu ita suka daina tantance wa zai shiga. A Harlem ta New York dubban mutane ke cika zauren Rockland Palace, 'yan kallo a saman bene, masu ado suna zagayawa a ƙasa ana ba da kyauta. Da giya ta halatta, sai lasisi ya zama bulala: a ga irin waɗannan mutane a mashayarka, a rufe ta. Shi ya sa 'yan Mafiya, wato gungun manyan masu aikata laifi, suka karɓe harkar, su ke ba 'yan sanda na goro. Irin wannan mashaya ce Stonewall ta New York. Daren 28 ga Yuni, 1969, aka zo samame, aka ce masu shigar mata su bi 'yan sanda mata zuwa bayi a duba ko maza ne ko mata. Suka ce ba za su ba. Sai tarzoma ta ɓarke, ta ɗauki kwanaki.

Na ga wani yana murmushi, na san 'yan daudu ne suka faɗo masa. Kada a gwama su. Ɗan daudu ba wasan dare yake yi ya cire kaya da safe ba. Da rana tsaka yake suyar kaji da tuƙin tuwo a tasha, kuma tarihinsa ya fi kusa da bori da gidajen mata masu zaman kansu.

A Amurka kuwa, daga 2009 RuPaul, wani shahararren mai shigar mata, ya kai abin gasar talabijin, har ana sa kuɗi mai tsoka. Lokaci ya ƙure, mai tambaya ya ɗaga hannu.