Sai sun mutu sannan za mu fara tambaya?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Kwanan nan akwai wani jerin sunaye da ke ta yawo a WhatsApp, wai manyan mutanen da suka rasu suna tsakanin shekara 74 da 76 da haihuwa. An sa Muhammad Ali ɗan dambe, an sa Einstein da Stephen Hawking masana kimiyya, ga Yasser Arafat, ga Miriam Makeba wadda ta faɗi bayan ta gama waƙa a Italiya a 2008, wani kuma ya ƙara da namu na gida, Alhaji Mamman Shata da Sarkin Katsina Usman Nagogo. Sai mutane suka hau cewa wai akwai wani sirri cikin waɗannan shekaru. Haba jama'a, sirrin me? Kowa da ajalinsa. Ai hadisi ma ya faɗa mana shekarun wannan al'umma tsakanin sittin da saba'in ne, kaɗan ke wucewa, don haka wanda ya kai 75 Allah ya yi mashi ƙari ne, ballantana a Najeriya da matsakaicin tsawon rai bai ma kai sittin ba.

Ni abin da ya dame ni daban ne, wato me aka adana daga bakin mutanen nan tun suna da rai.

Muhammad Ali ya rasu a 2016, amma cibiyar tarihinsa da ke Louisville a Amurka tun 2005 aka buɗe ta, mutum yana raye yana gani da idonsa. Hawking ya rasu a 2018, aka kwashe kayan ofishinsa har da allon da ke bango da kekensa aka kai gidan tarihin kimiyya na Landan, takardunsa kuma suna jami'ar Cambridge. To mu fa?

Shata ya rasu a 1999, a nan Daura aka binne shi, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, an rubuta tarihinsa, Allah ya saka wa waɗanda suka yi wannan wahala. Amma ai Shata ba shi kaɗai yake fita ba, akwai masu kalangu, akwai 'yan amshi, akwai direbobin da suka yi ta yawo da shi gari gari. Su wa ya zauna da su? Usman Nagogo ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, shekara 37, kowa ya san shi da doki da wasan folo. Ku lissafa, wanda yake ɗan shekara 30 ranar da sarkin ya rasu, yau shi ne ɗan saba'in da ɗoriya, dogari ne ko mai kula da dawaki ko magatakarda, suna nan cikin birnin Katsina a Yarinci da Ƙofar Soro da sauran unguwanni, kuma ɗaya bayan ɗaya suke tafiya. A je a ɗauki maganarsu yanzu, yanzu nake cewa ba baɗi ba.

Ka bi ta ƙofar gida bayan la'asar za ka ga dattijo kan tabarma, carbi a hannu, 'yar rediyonsa a gefe, jikansa na zaune kusa da shi yana ta latsa waya yana kallon TikTok, wayar da za ta iya ɗaukar hirar awa biyar ba ta gaji ba. Ba zai tambaye shi komai ba wallahi. Ranar da tsohon ya cika sai a rasa ko hoton kirki, a ɗauko katin zaɓensa a yanko fuskar a sa a Facebook, a rubuta Allah ya jiƙan Baba. Addu'a kam ta yi, amin, amma abin da ke kansa an tafi da shi maƙabarta.

Wasu za su ce ai in ka zo wa tsoho da waya kana tambayar tarihinsa kamar kana yi mashi fatan mutuwa ne. Wannan uzurin rago ne kawai, tsofaffin nan neman mai saurarensu suke, ka gaishe shi ka ce Baba yaya aka yi a zamanin Sarki Usman, ka ga ko za ka tashi kafin magariba. Wasu kuma su ce aikin gwamnati ne. To kakanka ne ko kakan gwamnati?

Kuma ba sarakuna da mawaƙa kaɗai nake nufi ba. Maƙera, marina, dukawa, malaman zaure, tsofaffin malaman firamare, unguwarzoma da ta karɓi haihuwar rabin unguwa, duk a je a ɗauke su. Ɗaliban tarihi da na Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ga aikin bincike nan a ƙofar gidajenku. In ka ɗauka ka rubuta sunan mai maganar da ranar da aka yi hirar, ka tura wa 'yan uwanka biyu ko uku su ma su ajiye, don mun san halin waya, yau tana aljihunka gobe an zare ta a kasuwa.