Agustin na Hifo da Rikicin Baftisma a Arewacin Afirka

Jama'a, barkanku da zuwa. Mutumin da za mu yi magana a kansa yau ɗan Afirka ne. An haifi Agustin a shekarar 354 a Tagaste, garin da ake kira Suk Ahras a Aljeriya ta yanzu. Ya yi karatu a Kartej, ya koyar da balaga, wato fasahar magana, a Roma da Milan, a can ne bishof Ambros ya yi masa baftisma a 387. Da ya dawo gida aka naɗa shi firist a Hifo, wato Annaba ta yau, a 391, bayan 'yan shekaru ya zama bishof. Tarihinsa ke nan a gurguje. Abin da nake so mu tsaya a kai shi ne rikicin da ya ci masa kusan shekara talatin.

Tushen rikicin ya girme shi. A 303 sarkin Roma Diyokletiyan ya ba da umarnin a ƙwace littattafan Kirista a ƙona. Wasu shugabannin ikkilisiya suka miƙa, wasu suka ƙi, aka kashe su. Da ƙura ta lafa aka naɗa Sesiliyan bishof na Kartej, sai wasu suka ce ai ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗibiya masa hannu yana cikin masu miƙa littattafai, don haka naɗin banza ne. Suka naɗa nasu, daga baya Donatus ya gaje shi, aka riƙa kiransu da sunansa. Hujjarsu ba ta da wuyar ganewa: wanda hannunsa ya ƙazantu ba zai tsarkake wani ba. Duk wanda ya zo musu daga ɗaya ɓangaren sai sun sake masa baftisma.

Kada ku ɗauka 'yan tsiraru ne. Lokacin da Agustin ya iso Hifo su ne masu rinjaye, garuruwa da yawa kowanne da bishof biyu da majami'a biyu. Shi da kansa ya ba da labarin wani bishof nasu a Hifo, Faustinus, da ya hana a toya wa 'yan Katolika, wato ɓangaren Agustin, burodi. Akwai kuma wasu gungun matasan karkara masu kulake, magoya bayan 'yan Donatus, da suka taɓa yi masa kwanton ɓauna, ya tsira don kawai ɗan jagoransa ya ɓata hanya.

To, me ya amsa musu? Ya ce baftisma ta Almasihu ce, ba ta mai zuba ruwa ba. In da sahihancinta ya rataya ga tsarkin firist, babu wanda zai kwana da tabbaci, don ba wanda ya san abin da ke zuciyar wanda ya yi masa. Ya kawo misalin tambarin da ake yi wa sojan Roma a jiki: ko ya gudu daga runduna, in ya dawo ba a sake masa wani, na farkon yana nan. Ya ƙara da misalin alkama da ciyawa na Matiyu 13, cewa a bar su su tashi tare har ranar girbi. Kuma bai tsaya ga malamai ba. Wajen 393 ya tsara waƙa, baiti bayan baiti bisa jerin haruffan Latin, da amshi, don talaka ya haddace tarihin rikicin.

A watan Yunin 411 aka yi zaman ƙarshe a Kartej bisa umarnin sarki Honoriyus. Bishof 286 a ɓangaren Katolika, na Donatus ƙasa da haka kaɗan. Kowane ɓangare ya fitar da mutum bakwai masu magana, akwai masu rubutun gaggawa, kowa kuma sai ya sa hannu a kan abin da ya faɗa. 'Yan Donatus suka ce ba za su zauna da masu zunubi ba, sai alƙalin, Marselinus, shi ma ya ƙi zama. Amma a faɗi gaskiya, Marselinus ɗan Katolika ne kuma abokin Agustin, hukuncin bai ba kowa mamaki ba. Dokar 412 ta biyo baya da tara gwargwadon matsayi, daga nauyin fam 50 na zinariya ga manyan masu sarauta zuwa fam 5 ga talaka, aka ƙwace majami'unsu, aka kori malamansu.

Nan ne inda nake ganin Agustin ya zame. Da farko ra'ayinsa shi ne ba a shigar da mutum ikkilisiya da ƙarfi. A wasiƙarsa ta 93, wajen 408, ya ce ya canja, domin ya ga garinsu Tagaste ya dawo gaba ɗaya saboda tsoron doka. Ya jingina da Luka 14:23, inda maigida ya ce a tilasta wa mutane su shigo biki. Ya roƙi hukuma kada ta kashe kowa, wannan haka ne. Sai dai hujjar ta fi ƙarfin mai ita: a Faransa, wajen 1685, an sake fito da wasiƙunsa don halatta gallaza wa Furotesta.

Koyarwarsa kan baftisma kuwa ta zauna daram. Aƙidar Lutaran ta Ogsbog ta 1530, a sashe na 8, ta ambaci 'yan Donatus da suna ta ƙi ra'ayinsu, sashe na 26 na ƙa'idodin Angilikan 39 ma ya ce rashin cancantar mai hidima ba ya ɓata sakramenti, wato hidima mai tsarki kamar baftisma. Lutaran na Numan da Angilikan na Wusasa duk a kan wannan suke.

Agustin ya rasu ranar 28 ga Agusta 430, mayaƙan Bandal, wata ƙabila daga Turai, sun yi wa Hifo ƙawanya. 'Yan Donatus ba su ƙare ba, don a ƙarshen ƙarni na shida Fafaroma Giregori yana ta rubuta wasiƙun ƙorafi a kansu.