Bashin da ake biya a kuɗin wuta: yadda shirin Green Deal na Birtaniya ya tuntsure

A ranar 28 ga Janairu 2013 gwamnatin Birtaniya ta ƙaddamar da wani shiri mai suna Green Deal. Gidajen ƙasar da yawa tsofaffi ne, da hunturu ana ƙona gas don ɗumama su, zafin kuma yana sulalewa ta bango da rufi da tagogi. Sai gwamnati ta ce a gyara maka gida ba tare da ka cire ko sisi daga aljihunka ba, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan a cikin kuɗin wutarka, har tsawon shekara 25. Bashin a kan mitar gidan yake, ba a wuyanka ba. In ka tashi, wanda ya shigo shi zai ci gaba da biya.

An yi burin gyara gidaje miliyan 14 kafin 2020. Minista Greg Barker ya ce barci zai ƙaurace masa in ba a samu mutum 10,000 a shekarar farko ba. A ƙarshen 2013 gidajen da aka gama wa aiki suka fara biya ba su kai 700 ba.

Matsalar ta faro ne daga sharaɗin da suka kira Ƙa'idar Zinariya: abin da za ka biya a shekara kada ya wuce rarar da gyaran zai kawo maka a kuɗin makamashi. A kunne sharaɗin yana da daɗi. Amma kuɗin ruwan bashin ya kama daga kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari, domin gwamnati ta ƙi sa tallafi a ciki, ta bar shi ga kasuwa.

Mu buga lissafin tare. Bashin fam 10,000 a kan kashi 7 na shekara 25, biyansa kusan fam 850 ne duk shekara, jimilla sama da fam 21,000. Da a kan kashi 1 ne, fam 450 da ɗoriya kawai za ka riƙa biya. Yanzu a ce gyaran zai rage maka fam 300 a shekara. Ƙa'idar ba za ta bari ka ranci fiye da kimanin fam 3,500 ba. Sauran sai ka cika da kuɗinka, alhali an ce maka ba za ka cire sisi ba.

Wannan ya fi cutar gidajen da suka fi buƙatar gyara. Shimfiɗa audugar hana fitar zafi mai kaurin milimita 270 a saman silin aiki ne mai araha, haka ma cusa ta a ramin da ke tsakanin bango mai ruɓi biyu. Amma yawancin gidajen da aka gina kafin shekarun 1920 bangonsu ɗaya ne tal, babu rami. Sai an liƙa masa alluna ta waje an yi sabon yaɓe, da kafa tsanin gini, da matsar da bututun ruwa, aikin dubban fam. Irin wannan aiki da wuya ya tsallake ƙa'idar. A Jamus kuwa bankin gwamnati na KfW yana ba da bashin gyaran gida da ruwa ƙanƙani, har ya yafe wani kaso in aikin ya kai mizani.

Ita kanta rarar hasashe ce, ba alkawari ba. Manhajar da ke lissafa ta tana ɗauka cewa kowa yana ɗumama gidansa yadda ya kamata. Talaka kuwa ɗaki ɗaya yake ɗumamawa, ya sa rigar sanyi a sauran. In aka gyara masa gida, sai ya ƙara jin ɗumi, kuɗin gas ɗinsa bai ragu sosai ba, ga sabon bashi. Wani abin ruɗarwa kuma, rarar a takardar gas take fitowa, biyan kuma a takardar wutar lantarki. Mai gida yana buɗe ambulan sai ya ga kuɗin wuta ya hau.

Sai doguwar hanya. Mai tantancewa ya zo ya auna gida, ka biya shi fam 100 zuwa 150. Ka ɗauki rahotonsa ka nemi kamfanin da zai tsara bashin. A binciki tarihin biyan bashinka. A turo ma'aikata masu rajista. A sanar da kamfanin wuta. In gidan haya ne, sai mai gida da ɗan haya duk sun sa hannu. Zuwa tsakiyar 2013 an tantance gidaje sama da 38,000, waɗanda suka sa hannu a takardar bashi guda 4 ne. Masu gidaje kuma suna tsoron ranar sayarwa: wane mai saye ne zai so gida da bashi a maƙale a mita?

'Yan kwangila su ma sun ɗanɗana kuɗarsu. Tsohon shirin CERT, wanda ya sa ake shimfiɗa audugar silin kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan, ya ƙare a Disamba 2012. Aiki ya faɗi warwas, kamfanoni suka sallami ma'aikata. Da gwamnati ta fito da tallafin tsabar kuɗi har fam 7,600 a Yuni 2014, jama'a suka yi masa rubdugu, aka rufe shi a Yuli. Ashe mutane suna son gyaran, bashin ne ba sa so.

A Yuli 2015 Amber Rudd, ministar makamashi, ta dakatar da ba Green Deal Finance Company kuɗi, wato kamfanin da ke samar da kuɗin bashin. Ofishin binciken kuɗin gwamnati ya fitar da rahoto a Afrilu 2016: gidaje 14,000 ne kacal suka karɓi bashin, gwamnati ta kashe fam miliyan 240, wato kusan fam 17,000 a kan kowane bashi ɗaya. Rahoton ya ce ma'aikatar makamashi ba ta gwada tsarin a kan masu gidaje yadda ya kamata ba kafin ta ƙaddamar da shi. Waɗanda suka sa hannu a 2015 a kan shekara 25, mitarsu za ta ci gaba da cire kuɗin har zuwa 2040.