Gwajin Rukunin Jini ta DNA: Inda Yake Gaskiya da Inda Yake Tuntuɓe

Assalamu alaikum, masu kallo. Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya ƙarin jini a Gusau ko Talata Mafara ya ga yadda ake yi: a ɗiga jini a kan gilashi, a zuba masa ruwan gwaji, a jira a ga ko zai dunƙule. Tushen wannan hanya tun 1901 ne, lokacin da masanin kimiyya Karl Landsteiner ya bayyana rukunan A, B da O.

Yanzu akwai hanya ta biyu. Maimakon a duba jajayen ƙwayoyin jini, sai a karanta DNA, a yi hasashen rukunin daga abin da mutum ya gada. Kada a haɗa shi da gwajin AA, AS da SS na kafin aure, wannan daban ne.

Wa ya fi buƙatarsa? Mai sikila. Yaron da aka yi wa ƙarin jini watan jiya, jinin wani na nan yana yawo a jikinsa, don jar ƙwaya kan kai kwana 120. Ka ɗiga a gilashi, amsar mutum biyu za ka samu. DNA ɗinsa kuwa nasa ne shi kaɗai.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mu ɗauki Rh, wato fozitif da negatif. Kusan kashi 15 cikin ɗari na Turawa negatif ne, kuma kusan dukkansu ƙwayar gadon da ake kira RHD, mai sa jini ya zama fozitif, ita ce babu kwata-kwata. Saboda haka gwaje-gwajen DNA na farko tambaya ɗaya suke yi: tana nan ko ba ta nan? A jikin Bature, amsa ta fito daidai. A jikin baƙar fata fa? Wani bincike da aka buga a 2000 ya duba 'yan Afirka masu jinin negatif, ya tarar kashi 66 cikin ɗari suna ɗauke da ƙwayar, sai dai ba ta aiki. Rumbu ne a tsaye, ciki babu hatsi. Na'ura ta hango rumbu, ta ce fozitif. Ku yi tunanin mai juna biyu da aka ba wannan amsa: allurar kariyar da ake yi wa uwa mai jinin negatif cikin awa 72 bayan ta haifi jariri mai jinin fozitif ta wuce ta, cikin da za ta ɗauka nan gaba ya shiga haɗari. Gwaje-gwajen zamani sun gyara wannan, amma fa waɗanda aka ƙera da mu a zuciya.

Shi ma gilashin yana da nasa makantar. Akwai nau'o'in Rh da suka fi yawa a Afirka, irin su DAR da DAU, inda alamar Rh da ke kan jajayen ƙwayoyin jini ke fitowa a gutsure. Gilashi ya ce fozitif, a ƙara wa mutum jinin fozitif, jikinsa ya tashi yaƙarsa. Nan DNA ce ke tona asiri.

Sai rukunin Duffy. Galibin mutanen Afirka ta Yamma ba su da wannan alama a kan jajayen ƙwayoyinsu, abin da ke ba su kariya daga nau'in maleriya na vivax. Ƙwayar gadon tana nan lafiya lau, harafi ɗaya na DNA ne ya canza a wurin da ke kunna ta. Gwajin da bai leƙa wannan harafin ba, zai rubuta wa Bazamfare alamar da jininsa ba ya ɗauke da ita.